Fitilar cek ta dawo bayan an canza sonda: amsa ga wani direban Tawa

Wani ƙanena mai jigilar fasinja tsakanin Tawa da Ƙonni ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaya, Corolla ce ƙirar 2006, inji 1.8, shigowar Amurka. Wata biyu ke nan fitilar cek tana kunne. An sa mata baliz, ta fitar da P0171 da P0420. Mai baliz ya ce sonda ce, na saya aka ɗaura, ya goge lambobin, kwana uku fitilar ta dawo. Da safe motar tana rawa in tana tsaye, kuma ta fara shan mai. Yanzu wani ya ce in fasa katalizar, wani ya ce in cire ƙwan fitilar in huta. Me zan yi?"

Ƙanena, sannu da wahala. Kada ka fasa katalizar, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa, kada ka cire ƙwan fitila, kuma kada ka ƙara sayen ko ƙusa ɗaya sai an yi awon da zan faɗa maka. Kuɗin sonda sun tafi, sai haƙuri. Amma ka koma wurin wanda ya ɗaura ta ka karɓo tsohuwar ka adana, don ba mamaki ita ce za ta koma jikin motar.

Abin da ya same ka shi nake gani kusan kullum a garejina a nan Yamai. Ana sa baliz, wato na'urar da ke karanta laifuffukan da kwamfutar mota ta ajiye, lamba ta fito, a karanta ɗan rubutun da ke gefenta, a ga sunan wani ƙarfe, sai a ce ga mai laifi. Ita kuwa wannan kwamfuta, da muke kira ƙwaƙwalwar mota, ba ta da ido, ba ta da hannu. Iyakar abin da ta sani shi ne wutar da ke zuwa mata ta wayoyi daga kaftoci, waɗanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa sensa. Duk lokacin da wani awo ya wuce iyakar da aka sa mata, sai ta rubuta lamba ta ajiye. Ma'anar P0171 ita ce: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, na yi ta ƙara mai har na gaji, abin bai daidaita ba. Sonda ita ce ƴar aiken da ta shinshina hayaƙin salansa ta kai wa ƙwaƙwalwa wannan labari. In labarin gaskiya ne, cire ta da aka yi barin jaki ne ana dukan taiki, don sabuwar ma labarin nan za ta kai. Ga shi kuwa ta kai.

Karatun lambar ba shi da wuya. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da tsarin OBD-II, wato tsarin bai ɗaya na karanta waɗannan lambobi. Turai ta bi baya, masu esans daga 2001, masu gazuwal daga 2004. Shi ya sa za ka ga wata ƴar kafa mai huda 16 ƙarƙashin sitiyari, nan ake jona baliz. Harafin farko yana nuna ɓangare: P inji da giya, C su birki da ƙafafu, B jikin mota irin su ayabag, U kuma maganar da ƙwaƙwale ke yi tsakaninsu. In sifili ne ya biyo bayan P, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ta kamfani ce: P1349 a Toyota tana magana kan tsarin VVT mai daidaita lokacin buɗewar bawul, amma a motar wani kamfani ba lalle ta nufi haka ba. Naka biyun duk na kowa da kowa ne.

Dawowar fitila bayan kwana uku ba abin mamaki ba ne. Laifuffuka irin waɗannan sai ƙwaƙwalwa ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila, kuma gogewa tana sa ta manta duk gyaran man da ta koya, sai ta sake koyo daga tushe. Kwana ukun nan lokacin da ta ɗauka ke nan ta sake gano ciwon da ba a taɓa ba. Abin da ya fi ɓata mini rai a gogewar gaggawa shi ne shaidar da take tafiya da ita. A daidai lokacin da lamba ta faɗo, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar hoton yanayin injin: zafinsa nawa, juyinsa nawa, gudun mota nawa, totur a take yake ko a sake. Wannan hoto shi ke gaya wa makanike ko laifin da sanyin safiya yake zuwa ko a tsakiyar gudu. Yanzu da fitilar ta dawo, an sake ɗaukar wani. Ka ce wa mai baliz ya buɗe maka shafin, ka ɗauka da wayarka kafin kowa ya danna gogewa.

Kafin a je ga mai da iska, ni batir nake fara aunawa, ko da mai mota ya rantse sabo ne. Inji a kashe ya ba da wajen bolt 12.6, lokacin tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 9.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Wata rana aka jawo mini wata Hilux da igiya, baliz ta cika da lambobin U sun fi goma, an riga an gaya wa mai ita cewa ƙwaƙwalwa ta ƙone, har ya fara neman bashi. Na leƙa ƙasan inji, na taɓa wayar mas da ke haɗa inji da shasi, sai ga ta tana lilo, ƙusar ta kwance, bakin wayar ya yi kore da tsatsa. Goge ta da samfefa da ɗaure ta bai kai minti goma ba, lambobin ba su sake dawowa ba. Ba na zaton matsalarka ke nan, amma awon minti biyu ne, a yi shi a wuce wurin.

To, ga inda maganar take. Injin esans yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, bisa nauyi. Ƙwaƙwalwa tana auna iskar da ke shiga ta hanyar debimetir, wato kaftar da ke bayan akwatin filtar iska, ta yi lissafin man da ya dace, sannan ta saurari sonda ta ji ko lissafin ya faɗa daidai. In bai faɗa ba sai ta ƙara ko ta rage. Wannan ƙari da ragi baliz tana nuna shi a wurin da ake ganin awo kai tsaye inji na aiki, da sunaye biyu: STFT, gyaran nan take da ke ta motsi, da LTFT, gyaran da ta koya ta riƙe. Ana haɗa su biyun. In jimlar tana tsakanin 10 a ƙasa da 10 a sama bisa ɗari, lafiya lau. Motar da ta kai ga fitar da P0171 za ka tarar ta haura 20, wani lokaci ta kusa 35. Nan ma amsar shan manka take: ƙwaƙwalwa tana ta zuba ƙarin mai don ta cike giɓin da take gani.

Ga gwajin, kuma ba ya cin ko dala. A bar inji ya yi zafi sosai, a kashe kilim da fitilu. A rubuta STFT da LTFT mota na tsaye ba a taka totur ba. Sannan a taka a riƙe a juyi 2500 a minti, na kamar minti ɗaya, a sake rubutawa. Lambobi huɗu ke nan, kuma su za su nuna hanyar da za a bi.

In ƙarin man yana da yawa a tsaye amma ya sauko da aka taka, iska ce ke satar hanya tana shiga inji ta wata kafa da debimetir bai sani ba. Dalili shi ne a tsaye bakin totur a rufe yake, inji yana zuƙa da ƙarfi, iskar da yake samu ta halal ƴar kaɗan ce, don haka ƙaramar huda ma sai ta yi tasiri. Da an buɗe totur iska mai yawa ta shigo, ta hudar sai ta zama ba komai ba. In kuwa a tsaye da sauƙi, sai an taka abin ke ƙaruwa, to mai ne ba ya isa, ko kuma debimetir ne ke ƙirga iskar ƙasa da yadda take.

Da ka ce mini da safe take rawa a tsaye, zuciyata ta fi karkata ga ta farkon. Injin motarka sunansa 1ZZ-FE, bututun da ke raba wa silinda huɗun iska na roba ne mai tauri, tsakaninsa da kulas, wato kan inji, akwai wani siririn juwan, robar da ke toshe bakin haɗin. Da shekaru juwan ɗin yakan bushe ya lafe, ya daina cika gurbinsa. In gari ya yi sanyi sai ya ƙara tsukewa iska ta samu hanya, in inji ya ɗau zafi ya ɗan kumbura ya toshe. Sananniyar cuta ce a wannan inji, har Toyota suka fito da wani sabon juwan mai launin lemu a madadin baƙin na asali. Ka duba yanayin Adar kuma: asubar hunturu mai sa haƙora kaɗawa, ga zafin Afirilu da Mayu da ke wuce digiri 40, roba mai shekarun motarka ta sha duka biyun. Juwan ɗin ba shi da tsada, kuɗinsa bai kai rabin na sonda ba, aikin ɗaura shi ma bai wuce na hantsi ɗaya ba.

Amma kada a kwance bisa zato na. A tabbatar tukuna. Hanya mafi tsabta ita ce hayaƙi: a toshe bakin tiyon iska, a hura hayaƙi ta wani ƙaramin tiyo inji a kashe, a zuba ido a ga inda zai ɓullo. In babu injin hayaƙi, da sassafe kafin inji ya yi zafi a tayar, a fesa maganin wanke karbirato kaɗan kaɗan a bakin juwan ɗin, wani yana kallon STFT. In aka fesa a kan huda, inji zai zuƙe maganin, za a ji sautinsa ya canza, lambar ta faɗi ƙasa nan take. Maganin yana kama wuta, don haka ba a yi kusa da salansa mai zafi, ba a yi da sigari a baki, kuma a ajiye abin kashe wuta kusa. Sannan a cire babban tiyon da ke tsakanin debimetir da totur gaba ɗaya, a lanƙwasa shi a rana a duba cikin ninkinsa. Yawanci ta ƙasa yake tsagewa, inda ido ba ya kaiwa in yana ɗaure. A bi ƙananan tiyoyin ma ɗaya bayan ɗaya da yatsa, musamman na numfashin inji da ke saman murfin kulas, da wanda ke zuwa ga tukunyar birki.

Debimetir kuwa, a ƙasarmu ko bai yi laifi ba ya cancanci a duba shi, saboda ƙura. Cikinsa akwai wasu wayoyi sirara kamar gashi da ake zafafawa da wuta, iskar da ke wucewa tana sanyaya su, da haka ake gane yawanta. In ƙura ta lulluɓe su sai ta zame musu bargo, iska ba ta sanyaya su yadda ya kamata, sai ya ce wa ƙwaƙwalwa iska kaɗan ce ta shigo, ita kuma ta ba da mai kaɗan. Ƙusa biyu ke riƙe da shi. In ka ciro za ka fara ganin wani ɗan ƙwallo kamar ɗigon zuma a gefe, mutane da yawa shi suke wankewa su mayar, alhali wannan na auna zafin iska ne. Wayoyin suna can cikin ramin, sai ka ɗaga shi sama ka haska da tocila. Na sha ciro na motocin da ke bin hanyar Abalak zuwa Agadas in tarar wayoyin sun yi kauri, sun yi ja kamar an tsoma su a kunun kanwa an shanya. Akwai maganin fesawa na musamman don wannan aiki, ko na wanke kayan lantarki wanda ba ya barin maiƙo. A fesa daga ɗan nesa, a bar shi ya bushe da kansa. Ba a sa masa esans, ba a taɓa shi da tsinke ko auduga, ba a hura shi da kwamfaresa. Bayan an mayar, a inji 1.8 mai zafi a tsaye baliz ta nuna wajen giram 2 a sakan ko sama da haka kaɗan, in an taka kuma lambar ta haura sumul ba tare da tsalle ba.

Kuma ka tambayi kanka ta ina ƙurar ta bi. Al'adar nan ta busa filtar iska da kwamfaresa a duk bidanj, wato canjin man inji, ita ce babbar hanya. Filtar takarda ce, iska mai ƙarfi tana buɗe ƙofofinta, a ido ta yi fes amma ta zama rariya. Ka kakkaɓe ta a hankali, in ta toshe ka sayi sabuwa mai kyau, ka kuma tabbata murfin akwatin ya zauna, maƙallansa duka sun kama. Ga mai bin hanya kullum lokacin hazo, filtar iska ita ce kuɗin da ba a yi wa ƙyashi.

In gwajin ya nuna sai an taka ne mai ke gazawa, kuma wanke debimetir bai canza komai ba, sai a koma kan famfon mai. Ba a gane ƙarfinsa da kunne, ba a kuma gane shi da cire tiyo a ga mai na tsartuwa. Agogon awo ake sawa. A wannan inji ana son ya ba da bar 3 zuwa 3.5 ya kuma riƙe ko da an taka. Famfon yana cikin tanki, a gindinsa akwai ƴar rariya da datti ke toshewa. Na san halin hanya, na san akwai ranar da ba makawa sai ka tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa ka sha na kwalba, ba zan ce maka kada ka yi ba alhali fasinja na cikin mota. Amma ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta a haske, in ka ga wani abu ya kwanta daban ruwa ne, ka bar ta. Ka sa a tace da ƙyalle mai tsabta. Kuma ka daina yawo da tanki kusan fayau, don man da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. In famfo lafiya, sai a ciro anjektoci a gwada feshinsu.

Akwai kuma wani ɓarawon da ake mantawa da shi: huda a salansa tsakanin inji da sonda ta gaba. Iskar waje tana shiga ta nan, sonda ta ji ta, ta ce mai ya yi kaɗan alhali cikin inji komai daidai yake. Da sanyin safiya za ka ji ƙara tif tif tif a wurin, ko ka ga baƙin toka a bakin haɗin.

Yanzu sondar da ka saya. Ina so in san wacce aka canza, don biyu ne: ɗaya kafin katalizar, ɗaya bayansa. In ta baya ce, ba ita ke jagorantar lissafin da ya haifi P0171 ba. In ta gaba ce, akwai abin dubawa. A Corolla ta Amurka ta wannan shekara, ta gaba ba sonda ce irin ta da ba, wata iri ce da Toyota ke rubuta wa A/F. A ido kamarsu ɗaya, kowacce waya huɗu, zaren ƙusarsu ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban. Ta da tana kai da kawowa tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ita kuwa A/F a baliz mai kyau za ka gan ta tsaye kusa da 3.3, tana ɗan gusawa sama in mai ya yi kaɗan, ƙasa in ya yi yawa. In aka yanke waya aka jona irin ta da a gurbinta, ko aka sa jabu mai tambarin Denso a kwali kawai, an ƙara wa motar ciwo na biyu a kan na farko. Ka duba lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar ka gwada da ta sabuwar. Gane mai rai ba wuya: inji na aiki a taka totur farat ɗaya a saki, ko a zare wani ƙaramin tiyo, in ta amsa nan take tana da lafiya. Sondar asali da ta tsufa amma tana amsawa ta fi mini sabuwar da ban san asalinta ba.

P0420 kuma, mai cewa katalizar ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata, a jinkirta hukunci a kanta. Ƙwaƙwalwa tana gane lafiyar katalizar ne ta kallon sonda ta baya. Katalizar mai aiki yana riƙe iskar da ke cikin hayaƙi, sai ka ga ta baya ta natsu a wajen bolt 0.6 ko 0.7. In tana ta hawa da sauka da sauri, alama ce hayaƙin yana wucewa yadda ya shigo. Amma injin da lissafin mansa ya rikice ba a yi wa katalizarsa shari'a, haka ma in salansa na da huda. A gyara P0171, a yi tafiyar mako guda, in P0420 ta dawo ita kaɗai sannan a yi maganarta. Ka kuma shiga ƙarƙashin motar ka duba cikin katalizar ɗin ko akwai tabon walda. Motoci da yawa kafin su iso hannun mai su an riga an farke an kwashe abin ciki an ɗinke, saboda akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, su filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu saye. Wani lokaci mai ba ka shawarar fasawa ma abin cikin yake hange.

In ka fasa, fitilar ba za ta mutu ba. Ka ma tabbatar da zamanta ke nan, tunda sonda ta baya za ta ga babu abin da ke tace hayaƙi. Ƙarfin mota ba zai ƙaru ba sai in dama katalizar ɗin toshewa ya yi, wannan kuwa alamarsa daban: mota ta ƙi gudu, ta ƙi hawa tudu, kamar an riƙe ta ta baya. Gwajinsa shi ne a kwance sonda ta gaba na ɗan lokaci don hayaƙi ya samu mafita, in ƙarfi ya dawo to ya toshe. Ba ka ce mini motarka na haka ba. Hayaƙin da ba a tace ba kuma kai da yaranka na tasha da fasinjan kujerar baya ne za ku fara shaƙarsa.

Cire ƙwan fitila shi ne shawarar da ta fi tayar mini da hankali. Fitilar nan magana biyu take yi. In ta tsaya cak a kunne, tana cewa akwai matsala, ka je a duba cikin kwanakin nan. In ta fara ƙyaftawa, tana cewa wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen esans na gangarawa cikin katalizar yana ci da wuta a can, zai iya narkar da shi. A lokacin sauke ƙafa ake yi daga totur, a nemi gefen hanya. Ka ɗauka kana tsakanin Badagishiri da Tsarnawa da rana tsaka, mota cike, ga shi ka cire abin da zai gaya maka. Ko yanzu da take kunne kullum, duk sabuwar matsalar da ta shigo ɓuya za ta yi a bayan tsohuwar, shi ya sa nake so a kashe ta ta hanyar gyara da wuri. In wata rana ka ga P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da ba ta ƙona mai. Ka musanya bobin ɗinta, wato mai ba buji wuta, da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi shi to shi ne, in ta tsaya a inda take sai a duba buji, sannan anjekta, sannan matsin silindar.

Tunda ka ambaci shan mai, bari in tambaye ka abu ɗaya: kalastat, wato ƙofar da ke tare ruwan inji sai ya yi zafi ta sake shi zuwa radiyata, na nan a motar? Mutanenmu da yawa suna cire shi su jona fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu. Na fahimci tsoron, amma kalastat ɗin wannan inji a wajen digiri 82 yake buɗewa, an ƙera injin ne ya yi aiki da zafinsa. In babu shi, a hunturu inji yakan daɗe bai kai zafin aiki ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da zuba mai, wani lokaci ta fitar da P0128. Ka sa a duba a baliz bayan tafiyar minti 15, zafin ruwa ya wuce 80. Da asuba kuma kafin a tayar, zafin ruwa da zafin iskar shiga su zo kusan ɗaya, tunda motar a wuri ɗaya ta kwana. In sun yi nisa da juna, ɗaya daga cikin kaftocin biyu na ƙarya. Motar da ke zafi radiyatarta ake wankewa, a gyara fanka, a canza murfi.

Bayan an yi gyaran, sannan gogewa ke da amfani. A goge, ka yi tafiya mai haɗe da cikin gari da babbar hanya, zuwa Ƙonni da dawowa ya isa, a sake jona baliz. LTFT ta sauko ƙasa da 10 a tsaye da kuma a 2500. Akwai wani shafi da ke nuna gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta, a ga na sonda da na katalizar sun kammala, babu wata lamba da ke jiran fitowa. Ko ba a goge ba ma, in gyaran ya yi, fitilar da kanta take mutuwa bayan tafiya uku a jere ba tare da laifin ya sake bayyana ba. Wannan shafin zai yi maka amfani ranar da za ka sayi wata mota: in ka ga gwaje-gwajen duk ba su kammala ba, ba a daɗe da goge wani abu ko cire kan batir ba. In kuma ka murɗa makulli fitilar cek ba ta kama tare da sauran ba kafin a tayar, an taɓa ƙwan.

Da zan ba ka shawarar sayen wani abu a yau, ƴar na'urar nan ce mai suna ELM327, da ake maƙalawa a kafar OBD ta haɗu da waya ta Bluetooth, ana karanta ta da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Ba ta kai manyan baliz irin Launch da Autel ba, yawanci ba ta shiga birki da ayabag, amma lambobin inji da LTFT da zafin ruwa duk tana nunawa, kuma kana iya kallon su kana kan hanya in yaron mota ya riƙe wayar. Kada ka bar ta a jone in mota za ta kwana biyu a ajiye, tana jan batir.

Gobe da sassafe, kafin rana ta ɗaga, ka kai motar a fara da gwajin feshin nan inji da sanyinsa, in ya yi zafi a ɗauki lambobi huɗun. Ka turo mini su tare da hoton shafin da na ce kada a goge, da hoton lambar jikin tsohuwar sonda da ta sabuwar. In ya tabbata juwan ne kuma ba ka samu mai launin lemun a Tawa ba, ka gaya mini in nemo a nan in ba direban bas ya kawo maka. Allah ya tsare hanya.